Yadda Ake Zaɓar Ayarin Yawon Buɗe Ido Zuwa Siri Lanka

Wanda ya dubi Siri Lanka a taswira zai ɗauka mako guda ya isa a kewaye ta, domin tsibiri ne mai faɗin murabba'in kilomita 65,610 kacal, a gefen kudancin Indiya. A nan ne yawancin masu tafiya cikin ayari suke ruɗuwa. Tsakiyar ƙasar tsaunuka ne, hanyoyinta kuma matsattsu ne masu yawan lanƙwasa, har ta kai tazarar kimanin kilomita 115 tsakanin Kolombo, birni mafi girma a ƙasar, da garin Kandi da ke cikin tsaunuka takan ci awa uku ko fiye a mota. Saboda haka, idan kamfani ya turo maka jadawalin tafiya, kada yawan wuraren da aka lissafa ya ɗauke maka hankali. Ka ƙirga awannin da za ku shafe a cikin bas kowace rana, ka kuma duba dare nawa za ku kwana a wuri ɗaya. Jadawalin da ke sauya masauki kullum, gajiya za ka saya da kuɗinka. Wanda ya ba da dare biyu a yankin dutsen tarihi na Sigiriya, biyu a cikin tsaunuka, biyu a bakin teku, shi ya fi cancanta ko da wurarensa ba su kai na wancan yawa ba.

Lokacin tafiya ma yana bukatar lura, domin damina biyu ake yi a tsibirin. Daga Mayu zuwa Satumba ruwa yakan sauka a kudu maso yamma da tsaunuka, sannan daga ƙarshen shekara ya koma arewa da gabas. Idan ayarinku zai bi ta Kandi da garin Galle da ke bakin teku a kudu maso yamma, watannin Disamba zuwa Maris ne suka fi dacewa.

Kafin ka biya ko sisi, ka nemi a rubuta maka abin da kuɗin ya ƙunsa. Kuɗin shiga wuraren tarihi da ake karɓa daga baƙi ya ninka na 'yan ƙasa sau da yawa, wasu kamfanoni kuma sukan bar shi a waje domin farashinsu ya yi kyau a ido. Haka nan ka tambayi adadin mutanen ayarin. Dutsen Sigiriya, wanda Sarki Kashyapa ya gina fadarsa a kansa a ƙarni na 5, tsayinsa ya kai kusan mita 180, kuma ana hawansa ta matakala kimanin 1,200, wasu na ƙarfe ne manne a jikin dutsen, inda mutum ɗaya ke wucewa a lokaci guda. Mutum arba'in a irin wannan hanya rabin yini za su ci suna jiran juna. Jagoran da ya san aikinsa yakan tayar da ayari da asuba, su hau kafin rana ta yi zafi.

Jirgin ƙasan da ke ratsa gonakin shayi zuwa garin Ella da ke cikin tsaunuka shi ne abin da mutane da yawa suke zuwa dominsa, amma kujerun da ake kamawa tun da wuri sukan ƙare. Ka tabbatar kamfanin ya kama muku kujeru, kuma ka tambaya ko layin yana aiki a lokacin, domin zaftarewar ƙasa takan tsayar da shi. Ka sa rigar sanyi a jakarka, saboda Nuwara Eliya, wani gari a yankin gonakin shayin, tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,900, kuma darenta akwai sanyi sosai.

Batun ladabi a wuraren ibadar mabiya Buda ba abin wasa ba ne a ƙasar. Ana rufe kafaɗu da gwiwoyi, a cire takalmi da hula, kuma ba a juya wa mutum-mutumin Buda baya domin ɗaukar hoto. Safa mai kauri takan yi amfani, domin daɓen dutse yana ƙona tafin ƙafa da tsakar rana. Ranar cikar wata kuwa, wadda suke kira Poya, hutu ce a duk ƙasar, ba a kuma sayar da nama a kasuwa.

Musulmi kusan kashi goma cikin ɗari ne na jama'ar ƙasar, don haka samun abincin halal da masallaci ba ya wuya a manyan garuruwa, sai dai dole ka sanar da jagora tun kafin tafiya domin ya tsara tsayawa lokacin salla. Mai ƙarfin ƙafa yana iya neman a ƙara masa hawan Tsaunin Adamu, mai tsayin mita 2,243, wanda shahararren matafiyin nan Ibn Battuta ya ziyarta a shekarar 1344, ana kuma hawansa cikin dare daga Disamba zuwa Mayu.

Game da biza, akasarin baƙi ta intanet suke neman izinin shiga, amma 'yan wasu ƙasashe sai sun bi wata hanya dabam mai ɗaukar lokaci, kuma ana neman katin rigakafin cutar shawara daga waɗanda suka fito daga inda cutar take. Ka kammala wannan kafin ka biya cikon kuɗin ayari, sannan ka canji rupi kaɗan a filin jirgin saman Bandaranaike da ke kusa da Kolombo domin tukuicin direba da jagora.