Darasi na 6: Yadda ake neman tallafin karatu da na koyon sana'a

Da yawa daga cikinmu abin da ya tsayar da karatunmu ko na 'ya'yanmu kuɗi ne, ba rashin ƙwaƙwalwa ba, yaro ya ci jarrabawa ya samu gurbi amma ranar rijista ta zo ta wuce babu abin biya. To akwai gwamnatoci da jami'o'i da gidauniyoyi da kamfanoni da suke ware kuɗi duk shekara don irin waɗannan ɗalibai, kuma yawanci wanda ya shirya takardunsa da wuri shi ke samu. Yadda ake wannan shirin shi za mu koya yau.

Abu na farko, ku tambaya: kuɗin nan kyauta ne ko bashi? Don Allah kar ku ji kunyar wannan tambayar, ko a gaban wa. Sikolashif kyauta ce, wani lokaci saboda ƙoƙarin ɗalibi, wani lokaci saboda rashin ƙarfin iyayensa, ba a biya. Rance kuwa sai an biya bayan an gama karatu, wani da kuɗin ruwa wani babu. A Amurka misali fom ɗaya ɗan ƙasa yake cikewa mai suna FAFSA, kyauta ake cike shi, daga nan ne ake duba ko ya cancanci tallafin Pell wanda ba a biya, ko rancen gwamnati wanda ake biya, kuma duka biyun suna iya fitowa a takarda ɗaya, in mutum bai karanta da kyau ba sai ya sa hannu a bashi yana murna ya ɗauka kyauta ce. Shi ma Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda, tallafin da yake ba ɗaliban al'ummomin Musulmi na ƙasashen da ba mambobinsa ba rance ne marar ruwa, ana mayarwa a wani asusu don na baya su amfana. Rance ba laifi ba ne, amma mutum ya shige shi ido a buɗe, ya san nawa zai biya da kuma yaushe za a fara karɓa.

Sai kuma inda ake nema. Ku fara da makarantar da ake son shiga, ku je ofishin da ke kula da harkokin ɗalibai ku tambaya ko suna da ragin kuɗin makaranta, ko biya kashi-kashi, ko wani aiki da ɗalibi zai riƙa yi a cikin makarantar ana ba shi ɗan abin kashewa. Sannan ma'aikatar ilimi, ƙungiyoyin sana'a, wurin da uba ko uwa ke aiki. Mutane suna raina ƙaramin tallafi, ni kuwa a ganina shi ya fi sauƙin samu don masu nemansa ba su da yawa, kuma wanda ya biya maka kuɗin littattafai kawai ai ya sauke maka wani nauyi.

Na ƙasashen waje kowanne da sharaɗinsa, kuma a sharaɗin ne ake zubar da mafi yawan masu nema tun kafin a karanta abin da suka rubuta. Chevening ta gwamnatin Birtaniya, wadda aka fara a 1983, digiri na biyu take biya na shekara ɗaya, sai kana da digirin farko da gogewar aiki ta awa 2,800, wato kamar shekara biyu, kuma ka yarda za ka koma ƙasarka aƙalla shekara biyu bayan ka gama. Na gwamnatin Turkiyya yana biyan kuɗin makaranta da masauki da inshorar lafiya da tikitin jirgi, har da shekara ɗaya ta koyon Turkanci, amma mai neman digirin farko dole ya kasance bai kai shekara 21 ba, na biyu 30, na uku 35. Kun ga kenan ɗan shekara 23 da ya ɓata sati biyu yana cike fom ɗin digirin farko ya yi aikin banza, alhali da ya karanta sharuɗɗan tun farko da ya kai ƙarfinsa wani wurin.

Masu son sana'ar hannu, walda ko aikin lantarki ko kanikanci ko ɗinki, ku ma ba a bar ku a baya ba. Tallafin MEXT na gwamnatin Japan yana da sashe na makarantun koyon sana'a, shekara uku har da shekarar koyon Japananci, ta ofishin jakadancinsu ake nema. A Jamus kuma akwai tsarin da ɗalibi yake raba lokacinsa tsakanin makaranta da kamfani, shekara biyu zuwa uku da rabi, kamfanin yana biyansa duk wata yana koyo, sai dai fa ba a shiga sai da Jamusanci.

Yanzu maganar takardu, a nan nake so mu daɗe. Ku samu jaka ɗaya ku tara takardar haihuwa, katin shaida ko fasfo, satifiket da sakamakon jarrabawa, hotuna, da takardar samun gurbi in an samu. Ku shimfiɗa su a gabanku ku duba sunan harafi bayan harafi, domin in satifiket ya ce Muhammad fasfo kuma ya ce Mohammed, ko ranar haihuwa ta bambanta, wannan kaɗai ya isa a ajiye fom ɗinku gefe, kuma gyaransa yakan ci watanni. Ku ɗauki hoton kowace takarda a wuri mai haske, kusurwa huɗun duka su fito, hatimi ya karantu, kar yatsa ko inuwar waya ta rufe rubutu. Ku buɗe imel da sunanku na gaskiya, ku rubuta lambar sirrin a littafi, ku riƙa dubawa ko da sau biyu ne a sati, saboda ana iya kiran mutum intabiyu ta imel a ba shi kwana kaɗan ya amsa, shi kuwa ya bar imel ɗin a hannun mai shagon intanet da ya cike masa fom.

Yawanci za su nemi wasiƙar shaida daga malami ko ubangidan aiki. A gaya masa da wuri, wata guda kafin wa'adi ba laifi, a kuma tuna masa abin da aka yi a hannunsa don ya samu abin rubutawa. Za su kuma ce ka rubuta bayanin kanka. Kar ka kwafo na wani daga intanet, masu tantancewa sun ga irinsa har sun gaji. Faɗi abin da ka yi da hannunka, me kake son koya, me za ka yi da shi in ka gama. Wadda ta ce ta shekara uku tana gyaran kekunan ɗinki kuma yanzu tana son ta koyi gyaran manyan injinan masana'anta, ta fi wanda ya cika shafi da cewa shi mai kishin ci gaban al'umma ne. In rubutu bai zauna ba tukuna, ka faɗa da bakinka wani ya rubuta, sannan ya karanta maka ka ji ko maganarka ce.

Hattara da 'yan damfara. Duk wanda ya turo saƙo a WhatsApp ko Facebook wai ka ci sikolashif ɗin da ba ka nema ba, ko ya ce turo kuɗi a saka sunanka, ko ya nemi lambar sirrin bankinka, ɓarawo ne ko da ya sa tambarin gwamnati a takardarsa. A duba shafin ita hukumar da kanta, ko a je ofishinsu da ƙafa.

Wa'adi kuma ba ya jira, wasu ana rufe su kusan shekara guda kafin a fara karatun, kuma a ranar ƙarshe ne intanet yake ƙin tafiya don kowa ya taru a lokaci ɗaya. A tura da saura sati. In ba a dace ba bana a sake nema baɗi, takardun suna nan a jaka.

Aikin gida: kowa ya samo tallafi guda biyu da ya dace da shi ko da ɗansa, ya rubuta a littafinsa sunan mai bayarwa, kyauta ne ko rance, iyakar shekaru, da ranar rufewa. Ku zo da jakar takardunku darasi mai zuwa mu duba sunayen tare.