Neman daskararren yogot mai kyau a New York: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Daga watan Yuni zuwa Agusta zafin New York ba ya raga wa kowa. Duk wanda ya fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa yana sharce gumi, abu mai sanyi yake nema ya jiƙa maƙoshi. Shagunan daskararren yogot kuwa kusan duk kamarsu ɗaya: bango mai launi mai haske, injina jere a jikin bango, dogon teburi cike da kayan barbaɗawa. Abin da ke fitowa daga bakin injin ne ya bambanta. Wani shagon yogot ne na gaskiya, wani kuwa garin madara ne da sukari aka dama da ruwa aka daskarar. Yawancin kurakuran da baƙi ke yi, har da waɗanda suka daɗe a garin, tushensu ɗaya ne: ana kallon komai a shagon ban da yogot ɗin kansa.

Ɗauka cewa duk abin da aka kira yogot, yogot ne

Wannan shi ne babba, kuma a kansa zan fi daɗewa. A Amurka doka ta fayyace abin da za a kira askirim: dole kitsen madarar da ke cikinsa ya kai kashi 10 cikin 100. Yogot na sha ma yana da ƙa'idarsa, sai an haɗa madara da ƙwayoyin halitta guda biyu, Lactobacillus bulgaricus da Streptococcus thermophilus, su ne ke sa ta yi tsami ta yi kauri. Amma hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ba ta kafa irin wannan ƙa'ida ga daskararren yogot ba. Saboda haka mai shago zai iya zuba yogot kaɗan cikin haɗin askirim, ko ya yi amfani da gari, ya rubuta sunan a allo, ƙa'idar FDA ba za ta tare shi ba.

Maganar ba sabuwa ba ce. Kamfanin daskararren yogot na Pinkberry, wanda aka buɗe a West Hollywood ta jihar California a 2005 kuma ya dawo da yayin yogot mai tsami a Amurka, an kai shi ƙara a 2007 kan ko abin da yake sayarwa ya cancanci sunan. An sasanta a 2008, kamfanin kuma ya bayyana kayan haɗinsa ga jama'a. Idan har babban suna irin wannan sai da aka tambaye shi, ƙaramin shagon da ke kusurwar layi ma ya kamata a tambaye shi.

Gyaran yana da sauƙi. Kafin ku ɗauki kofi, ku nemi ɗanɗano. Kusan kowane shago yana da 'yan ƙananan kofuna na takarda don wannan, kuma kyauta ne. Kada ku fara da mai cakulan ko mai mangwaro. Ku nemi farin, wanda ba a sa masa komai ba, wanda a allo ake rubuta masa original ko tart. Duk wanda ya tashi yana shan kindirmo ya riga ya mallaki ma'aunin: tsami mai laushi da ke zuwa tare da ƙamshin madara, ya zauna a bayan harshe, ya tafi bai bar ɗaci ba. Idan tsamin ya soki harshe nan take ya ɓace, sai zaƙi ya biyo baya, galibi sinadarin tsami irin na lemo aka zuba don a kwaikwayi aikin da ƙwayoyin ya kamata su yi. Idan kuma babu tsamin sam, askirim ne mai ƙarancin kitse kuke shirin saya. Ba laifi ba ne a sha shi, amma ba shi kuka fito nema ba.

Shagon da ba shi da farin yogot a cikin injinansa, ni ba na tsayawa. A ganina wanda ya yarda da kayansa ba ya ɓoye shi a bayan ɗanɗanon biskit.

Sannan ku buɗe baki ku tambayi wanda ke bayan kanta: a nan kuke haɗawa ko kawo muku ake yi? Da gari ko da ruwa? Akwai ƙwayoyi masu rai a ciki? Akwai hatimin da ake kira Live & Active Cultures, wanda ake ba daskararren yogot idan yana da aƙalla ƙwayoyi miliyan 10 a kowane giram lokacin da aka yi shi. Na yogot ɗin sha miliyan 100 ne. Rashin hatimin ba ya nufin kayan ba shi da kyau, domin neman sa ganin dama ne, ƙananan masu sana'a da yawa ba sa bi ta kansa. Amma mai shagon da ya san sana'arsa zai amsa muku ba tare da kame-kame ba. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin gaba ɗaya. Abin da ke kashe su shi ne a sake dafa haɗin bayan ya yi tsami don ya daɗe a ajiye.

Bin taurarin intanet ido rufe

Mutum ya buɗe Google Maps ko Yelp, ya ga taurari huɗu da rabi, ya hau jirgi daga Bronx har Brooklyn. Matsala biyu ke nan. Ta farko, yawancin masu ba da taurari yabon yawan kayan barbaɗawa suke yi, ko kyan wurin zama, ko fara'ar ma'aikata. Ku karanta abin da aka rubuta, ku nemi inda aka yi maganar tsami da laushin yogot ɗin, ku kuma jera sharhin daga sabo zuwa tsoho. Ta biyu, wannan sana'a ce mai tashi da faɗuwa. Kamfanin daskararren yogot na TCBY ya fara a jihar Arkansas a 1981 ya cika ƙasar, aka yi yayinsa aka wuce. Bayan 2005 aka sake sabon yayi, shaguna suka yi ta buɗewa a kusan kowane layi na Manhattan, sannan da yawa suka rufe. Jerin "shaguna goma mafi kyau" da aka rubuta shekaru da suka wuce zai iya kai ku ƙofar da yanzu kantin waya ce. Ku duba ranar hoto na ƙarshe da aka ɗora, ko ku buga waya. Wasu ma suna rage lokutan aiki da hunturu.

Tsayawa a inda 'yan yawon buɗe ido ke taruwa

Kewayen Times Square haya tana da tsada, mai saye kuma yau ya zo gobe ya tafi, don haka babu abin da ke tilasta wa mai shago ya kyautata. Shagon unguwa, wanda mutanen layin ke komawa kullum, shi ke tsoron ɓata suna. Shagon Culture da ke unguwar Park Slope a Brooklyn an san shi da yin yogot ɗinsa da kansa. Wani wurin kuma ba za ku gan shi daga titi ba sam: Forty Carrots yana cikin kantin Bloomingdale's na titi na 59, kuma tun shekarun 1970 ake sayar da farin daskararren yogot a wurin. Ku tambayi maƙwabta da abokan aiki, sun fi taswira sanin gari.

Rashin duba tsafta, musamman ta inji

Wannan ya wuce maganar daɗi, maganar lafiya ce. Tun 2010 hukumar lafiya ta birnin ke ba wuraren cin abinci maki da harafi, kuma dole a manna takardar inda mai wucewa zai gani. Harafin A na nufin makin laifi bai wuce 13 ba, B daga 14 zuwa 27, C kuwa 28 zuwa sama. Idan kun ga an rubuta Grade Pending, wurin bai samu A ba ne a binciken kuma yana jiran a saurari ƙorafinsa. Kallon takardar ba ya cin daƙiƙa biyar, amma mutane suna wuce ta kamar ado ce.

Bayan takarda sai ido. Injin yogot yana da sassa na ciki da dole a kwance a wanke a kai a kai, domin madara tana maƙalewa a lunguna. Ƙwayar cutar Listeria kuma ba ta tsoron sanyi, tana hayayyafa har a cikin firji. A 2023 a jihar Washington mutum uku suka rasu bayan shan haɗin madara daga injinan askirim da ba a wanke yadda ya kamata ba. Masu juna biyu, tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki su ne cutar ta fi yi wa illa.

Ba za ku ga cikin injin ba, amma wajensa yana ba da labari. Ku sunkuya ku dubi bakin da yogot ke fitowa. Idan akwai busasshen ɓawo mai ruwan ɗorawa a gefensa, ko farantin ƙasa ya cika da narkakken yogot ƙananan ƙudaje na yawo a kai, ku ajiye kofin ku fita. Ku ja hannun injin kaɗan ku ga yadda yake saukowa. Mai kyau yana fitowa a dunƙule, ya tsaya da tsininsa a cikin kofi, fuskarsa ba ta ƙyalli da ruwa. Idan ya zubo kamar koko, injin bai yi sanyin da ya dace ba. Idan kun ji ƙanƙara na ƙaras-ƙaras a haƙori, ya narke ne aka sake daskarar da shi, ko ya daɗe a ciki babu mai saye. Shi ya sa shago mai injina biyar da layin mutane ya fi mini shago mai injina goma sha biyu da babu kowa.

Cika kofi

A shagunan zuba-da-kanka, irin tsarin da 16 Handles ya shahara da shi tun da ya buɗe a East Village a 2008, da nauyi ake biya. Ana lissafi da oza, oza ɗaya kuwa kusan giram 28 ce. Kofunan manya ne, idan aka zuba daidai ci sai a ga kamar ba a zuba komai ba, sai hannu ya ƙara. Daga nan a wuce teburin barbaɗe a ɗora gutsuren kek, cakulan da miyar karamel, waɗanda duk suna ƙara nauyi. A kan sikeli ne ido ke raina fata, ga harajin saye na birnin, kashi 8.875 cikin 100, a sama. Ku karanta farashin oza tun daga ƙofa, ku nemi ƙaramin kofi, ku tsaya a rabi. Ku kuma lura ko an cire nauyin kofin a sikelin, domin abin ci kuka saya. Idan da yara kuka je, babba ya riƙe hannun injin.

Haka nan kada kalmar "babu kitse" ta ruɗe ku. Idan aka cire kitse, da sukari ake cike gurbin. Rabin kofin awo na daskararren yogot mai banila yana ɗauke da sukari wajen giram 17, wato sama da ƙaramin cokali huɗu, kuma da wuya a ga wanda ya tsaya a rabin kofi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya wuce kimanin giram 50 a yini ga babba. Mai ciwon sukari ya ɗauke shi kayan zaƙi kamar sauran. Wanda madara ke ɓata wa ciki shi ma ya yi a hankali, domin daskararren yogot bai rabu da sukarin madara ba.

Mantawa da halal a teburin barbaɗe

Musulmi da yawa suna kwantar da hankali da zarar sun ji madara ce. Yogot ɗin kansa sau da yawa ba shi da matsala, duk da cewa wasu kamfanoni suna sa jelatin, wani abu mai danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, don ya yi kauri, don haka a tambaya. Inda aka fi zamewa shi ne teburin barbaɗe. Alawar nan mai danƙo mai siffar 'yan dabbobi da farar alawa mai laushi da ake kira marshmallow galibi da jelatin ake yin su, kuma a Amurka yawancin jelatin na alade ne. Yara kuwa su suka fi miƙa wa hannu. Wasu shagunan suna da takardar kosher a bango, wato shaidar bin ƙa'idar abinci ta Yahudawa. Wannan tana tabbatar da babu alade, amma ba ta hana giya ba, saboda haka ɗanɗanon da aka sa wa sunan wata giya sai a nemi bayani. Ruwan banila ma da barasa ake tatso shi, malamai kuma sun yi saɓani kan ɗan abin da ke saura a abinci, kowa ya bi fatawar da ya natsu da ita. Shaguna da yawa suna ajiye kundin kayan haɗi a bayan kanta saboda masu rashin jituwa da gyaɗa ko alkama, kuma za su miƙo idan an nema.

Hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce 'ya'yan itace, dakakkiyar gyaɗa ko almon, kwakwa da ɗan zuma. Su ma a dube su. Strawberry da aka yanka yau yana da ƙarfi da sheƙi, wanda ya kwana kuwa ya saki ruwa ya yi laushi a gindin kwano. Ku ga ko kwanukan 'ya'yan itacen suna zaune cikin sanyi, ko kowane kwano da cokalinsa. Mai rashin jituwa da gyaɗa ya guji buɗaɗɗen teburi gaba ɗaya, domin cokula suna yawo daga kwano zuwa kwano.

Saura maganar oda zuwa gida. Yogot ɗin inji ba a daskarar da shi da ƙarfi kamar askirim na kwali ba, shi ya sa yake da laushi, shi ya sa kuma ba ya jure tafiya. Kafin mai keke ya ratsa cunkoson gari ya hau bene, ya zama ruwa, idan aka mayar da shi firiza kuma sai ya koma dunƙulen ƙanƙara. Idan dole sai an kai wa mutanen gida, ku tambaya ko shagon yana da wanda aka riga aka cika a roba aka daskarar da ƙarfi, ku sa a zuba kayan barbaɗen a wani mazubi daban, ku tafi da jakar sanyi.