Yadda Ake Neman Gurbin Karatun Likita a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya

Jami'ar Ahmadu Bello ta fara aiki a 1962, ta kuma buɗe tsangayar koyar da aikin likita a 1967. Duk shekara masu neman wannan kwas sun ninka guraben da ake da su sau da yawa, domin hukumar MDCN mai kula da aikin likita a Najeriya ita ce ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da gadajen asibitinta. Saboda haka cin jarrabawa kawai ba ya wadatarwa. Sai ɗalibi ya wuce takwarorinsa da su ma suka ci, kuma takardunsa su kasance babu tangarɗa.

Shiri yana farawa tun daga aji huɗu na sakandare. Ana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, wato Turanci da lissafi da bayoloji da kimistiri da fizis, kuma ya fi aminci ɗalibi ya same su a zama ɗaya, tun da akwai makarantun likitanci da ba sa karɓar haɗin sakamako biyu. Iyayen da ke kai 'ya'yansu cibiyoyin da ake ba da amsa a ɗakin jarrabawa suna ganin gata suke yi musu, alhali kuwa kimistirin da yaro bai koya ba yana nan yana jiransa a shekarar farko ta jami'a, inda babu mai rubuta masa komai.

Daga nan sai jarrabawar JAMB. Kafin rajista, a tabbata suna da ranar haihuwa da ke kan lambar NIN sun yi daidai da na takardun makaranta, harafi da harafi, domin wanda yake Muhammad a wata takarda ya zama Mohammed a wata yana iya shan wahalar gyara a daidai lokacin da ake raba gurabe. Darussan da mai neman likitanci zai zaɓa huɗu ne: Turanci da bayoloji da kimistiri da fizis. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu a kan kwamfuta, 60 na Turanci, 40 ga kowane darasi na sauran ukun, jimillar maki kuwa 400. Wannan yana nufin daƙiƙa 40 ce ke kan kowace tambaya, kuma a nan ne ɗalibai masu ƙoƙari da yawa suke faɗuwa, musamman waɗanda ba su saba riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. Maganin abin shi ne a sami manhajar JAMB a bi ta babi-babi, sannan a riƙa yin tsofaffin tambayoyi da agogo a gaba, a ajiye lissafin fizis mai cin lokaci zuwa ƙarshe. Kada kuma ɗalibi ya ruɗu da mafi ƙarancin makin da ake sanarwa na ƙasa baki ɗaya, domin wannan ba na likitanci ba ne. Mai son wannan kwas ya sa ransa a kan maki mai nisa sama da 250, kuma ya sa jami'ar a zaɓinsa na farko.

Bayan fitowar sakamako, jami'a tana yin tata tantancewar, sannan a miƙa sunaye ta manhajar CAPS da JAMB ta fara amfani da ita a 2017. Dole ne ɗalibi ya ɗora sakamakonsa na sakandare a wannan manhaja, ya riƙa leƙa ta a kai a kai, ya kuma karɓi gurbin da kansa idan an ba shi. Duk gurbin da bai bi ta nan ba, ko wane ne ya yi alkawarinsa, ba gurbi ba ne. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki, 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin zamani. Shi ya sa takardar shaidar ƙaramar hukuma take da muhimmanci, shi ya sa kuma mutum biyu masu maki ɗaya ke iya samun sakamako daban.

Wanda bai dace ba a karon farko yana iya sake zama, ko ya bi ta shirin share fagen shiga jami'a na IJMB, wanda ita kanta jami'ar ke shirya jarrabawarsa, ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. Guraben wannan hanya kaɗan ne. Game da shawarar nan ta a karɓi wani kwas da niyyar sauyawa daga baya, a ganina kada ɗalibi ya karɓi kwas ɗin da ba zai iya kammalawa da daɗin rai ba, domin sauyin ba tabbas ba ne.

Samun takardar shiga ba shi ne ƙarshen tankaɗe da rairaya ba. Karatun shekara shida ne idan babu yajin aiki, kuma na ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 shi kaɗai ya cinye wata takwas. Shekarar farko a babbar harabar jami'ar da ke Samaru darussan kimiyya ake yi tare da ɗaliban wasu tsangayoyi, sai wanda ya cika sharaɗi ne ke haurawa. A aji biyu da uku ake shiga ilimin sassan jiki da na yadda jiki ke aiki da na sinadaran jiki, a nan ne kuma ɗalibi ke fara tsayawa a kan gawa da farar riga da safar hannu, warin maganin adana gawa yana sa idonsa hawaye. Akwai wata jarrabawa da ake jera ƙasusuwa da yankakkun sassa a kan tebura, an soke wata jijiya da allura, ɗalibi ya rubuta sunanta kafin ƙararrawa ta kaɗa ya matsa gaba. Makin ci 50 ne cikin ɗari, ba 40 ba. Wanda ya faɗi zai sake zama, in ya sake faɗi ya maimaita aji, in abin ya ci gaba a sauya masa kwas.

Wannan matsi ne ya haifar da al'adun ɗaliban. Suna kwana a aji suna karatu har asuba, suna gadon littattafai da tsofaffin tambayoyi daga na gaba da su, suna kuma kafa ƙananan rukunoni inda kowa zai bayyana wa sauran abin da ya karanta. Ina ganin rukunin mutum huɗu ko biyar ya fi kwanan aji amfani nesa ba kusa ba, domin jarrabawar baka tana gaba, kuma wanda bai saba buɗe baki ya yi bayani ba yakan daskare a gaban farfesa ko da ya san amsar. Girmama na gaba abu ne mai ƙarfi a cikinsu. Ƙungiyar ɗaliban likitanci ta ABUMSA da ƙungiyoyin addini na Musulmi da na Kirista sukan shirya wa sababbin shiga darussan bita, kuma bai kamata sabon ɗalibi ya raina su ba.

Daga aji huɗu karatu yana komawa asibitin koyarwa da ke Shika. A nan ɗalibi zai bi babban likita zagayen marasa lafiya, ya tsaya a gefen gado ya karanto tarihin ciwon wanda aka ba shi, a yi masa tambaya a gaban kowa. Mai jin Hausa yana da rinjaye a wannan mataki, tun da yawancin majinyata da ita suke bayyana ciwonsu, har abokan karatu daga Kudu sukan nemi ya yi musu tafinta. Bayan jarrabawar ƙarshe da rantsuwar kama aiki, akwai shekara guda ta horo a asibiti kafin MDCN ta ba da cikakkiyar rajista, sannan shekarar bautar ƙasa, don haka iyaye su yi lissafin aƙalla shekara takwas tun daga ranar shiga.