Yadda na raba wasana na kwamfuta: in ya yi maka, ka biya

Daga dara na samo wasan. Allo ne mai gida 30, a jera maka ƴaƴa, a ce cikin motsi uku ka haɗa uku a layi ɗaya. Mataki 60 na tsara, yawanci da dare bayan na rufe shagon gyaran salula. Da na gama sai na tsaya: wa zai sayi abin da bai taɓa gani ba?

Dabarar da na bi tsohuwa ce. A 1982 Andrew Fluegelman a Amurka ya saki manhajarsa PC-Talk, ya ce kowa ya kwafa, wanda ta yi wa amfani ya aiko da kuɗi. Wasan Doom ma a 1993 kashin farko kyauta aka ba da shi. Mu nan Damagaram ba baƙon abu ba ne, mai ƙilishi a kasuwar Dole sai ya miƙo maka ɗanɗano kafin a yi ciniki.

In kai ma za ka raba naka wasan, ka fara da siffar fayil ɗin, don nan na sha kunya. Na farko da na fitar irin na Windows ne, da abokina ya buɗe sai kwamfutarsa ta yi gargaɗi, ya kira ni yana cewa na turo masa cuta. Na sake rubuta shi a fayil ɗin HTML (irin na shafin yanar gizo) guda ɗaya, ƙarami, mai buɗewa a kwamfuta da salula ba tare da intanet ba. Ka gwada naka a tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, irinta ce a hannun yawancin masu wasan.

Saƙon neman kuɗi ya zauna cikin wasan kansa, domin fayil na yawo hannu zuwa hannu, bayanin da ka haɗa da shi a WhatsApp kuwa a turawa ta biyu ya ɓace. Kada ka sa shi a farko. Ni sai mutum ya ci mataki na goma, daɗi ya kama shi, yake ganin: "In wasan ya yi maka, turo dala ɗari (sefa 500). In babu, tura wa wani, na yafe." Faɗi adadin ƙarara. Da na ce "abin da ya sawwaƙa", kunya ta hana masu ɗan kaɗan turowa. Wajen karɓar kuɗin, Airtel Money ko Nita sun wadatar, amma ka ware layi dabam, in ba haka ba ƙarfe ɗayan dare za a tashe ka neman amsar mataki na 43.

Kada ka kulle komai. Wanda ya biya dai, ina tura masa ƙarin mataki 20 da godiya.

Rabawa ba ta da wuya: fadarmu wajen shayi, masu tura waƙoƙi a katin waya, da wani ƙanena ɗalibi a Jami'ar André Salifou da ya watsa shi ta Xender. Masu wasa sun fi masu biya nesa ba kusa ba, kada ka ci bashi da sunan kuɗin.

Ka rubuta sunanka da lambar fitowa a shafin farko. Mataki na 17 na fitowar farko ba shi da mafita sam, kuskurena ne, kuma har yau tsohon fayil ɗin na yawo. Duk wanda ya kira yana faɗa, tambayata ta farko: wace lamba ce a ƙasan allonka?