Yadda Ake Cin Abinci a Gidan Abincin Indiya Marar Nama

Da farko, cire ran tsire ko kaza. Indiyawa da yawa, musamman mabiya addinin Jain da wasu Hindu, ba sa cin nama, wasu ma ko ƙwai ba sa taɓawa.

Ka nemi thali. Faranti ne babba mai ƙananan kwanoni: miyar dal ta wake, kayan lambu, kindirmo, shinkafa da roti, wato gurasar Indiya. Da shi za ka ɗanɗana kusan komai a zama ɗaya, kuma ya fi sauƙin kuɗi.

Gaya wa mai kawo abinci iya yajin da za ka ɗauka.

Wanke hannu, ka yagi roti da hannun dama ka dangwala, tamkar gurasa.

In yaji ya kama ka, kurɓi lassi, wato kindirmon da aka dama; ruwa ba ya kashe yaji.