Yadda ake kwantar da laka a ruwa da alif ba tare da an wuce gona da iri ba

Da damina, ruwan rijiyoyi da tsofaffin kududdufan kuza a Jos kan yi ja, a ajiye shi ya kwana bai washe ba. Dalili shi ne kowace ƙwayar yumɓu na ɗauke da cajin lantarki na nagetif a bayanta, don haka suna korar juna, ba sa haɗuwa balle su nitse.

Maganin abin shi ne ayon (wato ƙwayar zarra mai ɗauke da caji) mai cajin fozitif, wanda ke rage ƙarfin cajin yumɓun, kuma yawan cajinsa ne ƙarfinsa. Sodiyam na gishiri caji 1 gare shi, kalsiyam 2, aluminiyam na cikin alif 3. Ƙa'idar masana kimiyya Schulze da Hardy ta nuna aikin da sodiyam 729 za su yi, kalsiyam kamar 11 sun wadatar, aluminiyam kuwa 1 tak. Shi ya sa ɗan gishiri kaɗan ba ya wannan aiki.

A daka alif, a narkar da giram 10 a lita 1 ta ruwa mai tsabta. Kowace mililita ta wannan haɗi miligiram 10 ke nan. A jera kwalabe biyar masu lita ɗai-ɗai na gurɓataccen ruwan, a ɗiga mililita 1, 2, 3, 4 da 5 da sirinji. A juya da ƙarfi na minti 1, sannan a hankali na minti 15. Nan masu gaggawa ke ɓata aiki, domin juyi mai ƙarfi yana farfasa gudajin da suka fara haɗuwa. A bar su minti 30, a zaɓi mafi ƙarancin alif da ya washe ruwan. In mililita 3 ce, jarka mai lita 25 za ta ci 75.

Kada a ce a ƙara don ya fi kyau. Idan alif ya yi yawa, musamman a ruwa mai ɗan tsami, aluminiyam kan lulluɓe yumɓun har cajinsa ya juye ya koma fozitif, ƙwayoyin su sake korar juna, ruwan ya koma gidan jiya. Alif kuma yana saukar da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, alhali ya fi aiki tsakanin 6 da 7.5. In takardar gwajin pH ta nuna ƙasa da 6, a sa 'yar kanwa kaɗan a sake gwadawa.

A tsiyaye na sama a hankali, sannan a tafasa ko a sa kulorin, don alif ba ya kashe ƙwayoyin cuta.