Yadda Ake Kamun Kifin Tirawut da Jabun Ƙwaro Daga Cikin Kwale-kwale

Tirawut kifin ruwan sanyi ne. Akwai mai ruwan ƙasa da ɗige-ɗige wanda asalinsa na Turai ne, akwai kuma mai ja-ja-ja a gefen jiki da ake kira bakan gizo, wanda ya fito daga kogunan yammacin Arewacin Amurka, aka yi ta zuba shi a tafkunan duniya. Yawancin abincinsa ƙwarin ruwa ne, shi ya sa ake yaudararsa da ƙugiya da aka yi wa ado da gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro. Wannan jabun ƙwaro ba shi da nauyin da za a iya wurga shi. Igiyar ce ke da kauri da nauyi, ita ake jefawa, ita kuma ta ja ƙwaron zuwa inda ake so.

Abin da ke tsorata mai koyo shi ne jifa mai nisa. A cikin kwale-kwale wannan tsoron ba shi da dalili, domin iska ce za ta kai ka wurin kifin. Aikinka shi ne ka gano zurfin da yake kiwo, kuma kada igiya ta saki tsakaninka da ƙwaronka.

Mataki na farko: haɗa kaya

Sanda mai tsawon ƙafa 9 zuwa 10, mai lamba 6 ko 7, ta ishe ka. Lambar da ke jikin sanda dole ta zo daidai da ta igiya, in ba haka ba jifa ba za ta yi daɗi ba. Ka fara da igiya mai yawo a saman ruwa, in da hali ka ƙara da mai nitsewa a wani faifan naɗi daban. A bakin igiyar ake ɗaura siririn zaren roba da kifi ba ya gani sosai, mai tsawon mita 3 ko sama da haka kaɗan, wanda zai iya ɗaukar nauyin kilo 3. Ƙwararru kan jera ƙwari 3 a zare ɗaya. Kai dai ka ɗaura guda, domin ƙwari da yawa a hannun mai koyo sarƙewa suke yi, sai wuni ya ƙare a warware ƙulli.

Ƙwari kaɗan sun wadatar: baƙin Woolly Bugger mai kauri da gashi, da Pheasant Tail mai kama da tsutsar ƙwaron ruwa, da 'yan siraran nan baƙaƙe masu kwaikwayon tsutsar ƙaramin ƙwaro mai kama da sauro, da busasshe guda ko biyu masu zama a saman ruwa. Ka matse 'yar ƙayar da ke bakin ƙugiya da filaya. Za ta fita daga bakin kifi cikin sauƙi, haka ma in ta soki fatarka.

Rigar hana nitsewa a jiki take zama, a ɗaure, tun kafin ka taka jirgi. Ruwan da tirawut ke so yana da sanyin da zai kashe wa gwanin iyo gaɓoɓi cikin ɗan lokaci. Tabarau da hula ma tilas ne, saboda ƙugiya na wucewa kusa da fuska a kowace jifa. Ka nemi lasisi ko izinin da dokar wurin ta tanada, ka kuma tambayi adadin kifin da aka yarda a ɗauka.

Mataki na biyu: koyi jifa a tudu

Kafin ranar fita, ka ɗaura ɗan ulu a madadin ƙugiya ka gwada a kan ciyawa. Zaro igiya kamar mita 9, kan sanda a ƙasa. Ɗaga a hankali, ƙara sauri, ka tsaya cak da zarar sanda ta ɗan wuce saitin kanka. Dakata igiya ta miƙe a bayanka, sannan ka tura gaba ka sake tsayawa daidai saitin ido. Dakatawar nan ita ce sirrin. Wanda ya yi gaggawa zai ji ƙara kamar ta bulala, sau da yawa kuma ƙwaron ya tsinke ke nan.

Mataki na uku: saita jirgi

A nan ne kamu daga kwale-kwale ya bambanta da na gaɓa. Ka tuƙa zuwa ɓangaren da iska ke tasowa, ka kashe inji, ka juya jirgin ya ba iska gefensa. Ka zauna iska na bayanka, fuskarka na kallon inda jirgin ke gangarawa. Haka iska za ta riƙa tura ka sannu a hankali kan ruwan da ba a taɓa ba, tana kuma taya ka kai igiya gaba. In iskar ta yi ƙarfi, ana jefa laimar ruwa a bayan jirgi, wato wani yadi da ke buɗewa a ƙarƙashin ruwa yana rage gudu. In ku biyu ne, kowa ya kama ƙarshe ɗaya, mai jifa da dama ya zauna a ƙarshen dama domin igiyarsa ta bi ta wajen jirgi maimakon kan abokinsa.

A zaune ake yi. Tsayuwa na iya kifar da jirgi, tana kuma nuna wa kifi inuwarka. Ko bugun ƙafa a ƙasan jirgi yana jin sa.

Ba ko'ina kifi yake ba. Nemi bakin ciyawar ruwa, da inda ƙasa ta gangara kwatsam daga marar zurfi zuwa mai zurfi, da inda rafi ke zubowa. Ka lura da dogayen layuka masu santsi ko kumfa da iska ke shatawa a kan ruwa. Ƙwari na taruwa a cikinsu, tirawut kuma yakan biyo su yana fuskantar iska, wato yana tahowa wurinka. Tsuntsaye masu shawagi dab da ruwa alama ce cewa ƙwari na ƙyanƙyashewa.

Mataki na huɗu: gano zurfi

Jefa mita 10 zuwa 15 a gabanka. Ka tuna jirgi na bin igiyar, saboda haka dole ka riƙa janyo ta da hannun da ba ya riƙe sanda, aƙalla daidai da gudun jirgin, tana bi ta ƙarƙashin yatsanka manuni. In ta yi lanƙwasa a kan ruwa, kifi zai kama ya tofar ba ka sani ba. Wannan ne ya fi sa masu koyo komawa hannu rabbana.

In kana ganin kifi na fasa saman ruwa, busasshen ƙwaro ko wanda ke ƙasa da saman kaɗan ya isa. In shiru ne, sai ka yi ƙidaya. Jifar farko ka ƙirga 5 kafin ka fara ja, ta gaba 10, ta gaba 15, har ka ji an taɓa. Lambar da ta ba ka kifi, ka riƙe ta. Igiyoyi masu nitsewa ana rubuta saurinsu a kwali: mai inci 3 a daƙiƙa takan kai kusan mita ɗaya da rabi in ka ƙirga 20. Tirawut ya fi walwala a ruwa mai ma'aunin zafi tsakanin digiri 10 da 16 na Celsius, don haka da bazara ta gasa saman tafki sai ya sauka ƙasa. Ranar da gajimare ya rufe rana, iska na ɗan kaɗa ruwa, yakan hau sama. Rana tsaka da ruwa kwance lumui ita ce mafi wahala.

Saurin ja ma ana sauya shi. Woolly Bugger yana son fizga gajeru-gajeru da ɗan hutu. Tsutsar nan kuwa a zahiri da ƙyar take hawowa daga laka zuwa sama, saboda haka jan ta ya zama kamar ba a ja.

Kada ka yi saurin fizge ƙwaro a ƙarshen ja. Ɗaga sanda sannu, ka bar shi yana reto a cikin ruwa kusa da jirgi na 'yan daƙiƙu. Kifin da ya biyo shi tun daga nesa sau da yawa a nan yake yanke shawara.

Mataki na biyar: idan ya kama

Da ka ji nauyi, ɗaga sanda kawai, ban da fizga. Bar ta a lanƙwashe, in ya ruga ka sakar masa igiya ta bi ta yatsunka, in ya lafa ka janyo. Bakan gizo yakan yi tsalle sama da ruwa. A lokacin ka ɗan sassauta. Sai ya kwanta a gefe ɗaya za ka nitsa komarka a ruwa ka jawo shi kanta, kansa a gaba. Bin sa da koma firgita shi yake yi.

In sakinsa za ka yi, jiƙa hannu kafin ka taɓa shi don kada ka goge yauƙin da ke kare fatarsa, ka zare ƙugiya yana cikin ruwa, ka tallafe shi har ya fizge da kansa. In na ci ne, ka buge shi a ka nan take, ka sa a sanyi. Duba abin da ke cikinsa zai nuna maka ƙwaron da za ka ɗaura a gangarawa ta gaba.

In ka ji tsawa, kwantar da sanda ka nufi gaɓa, domin sandunan kabon suna ɗaukar lantarki.